An yi wa Eastbourne adalci da aka rage darajar gasarta ta mata?

Hajiya Binta (Brighton):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, yau dai zan amayar da ita in ji ta bakinku. Gasar tanis ta mata da ake yi a Eastbourne, garin nan na bakin teku a kudancin Ingila, tun 1974 ake buga ta a filayen ciyawa na Devonshire Park, mako guda kafin a buɗe Wimbledon. Chris Evert ce ta fara ɗaga kofin. Martina Navratilova ta ɗaga shi sau 11. Justine Henin, Caroline Wozniacki, Petra Kvitova, duk sunansu yana jikinsa. Sai ga shi daga 2025 hukumar tanis ta Birtaniya, wato LTA, ta ɗauke babbar gasar ta kai Queen's Club a Landan, ta bar wa Eastbourne ƙarama. Da gasar 500 ce a tsarin hukumar tanis ta mata ta duniya, wato WTA, yanzu ta koma 250. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, wannan Queen's ɗin da ake ta yi wa guɗa, tun bayan 1973 mata ba su sake buga gasa a cikinsa ba sai a 2025. Lokacin da Queen's ba shi da wurin mata, ƙaramin garin nan ne ya riƙe su shekara hamsin. Yau da wasan mata ya fara kawo kuɗi sai aka tuna da Landan. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ni ban ga adalci a nan ba.

Abba Landan:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara girma. Na fahimci ɓacin ranki, amma ki bar ni in faɗi nawa. Tambayar ita ce me zai amfani wasan mata gaba ɗaya, ba me zai amfani gari ɗaya ba. Queen's yana cikin Landan, ka sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Barons Court ka taka kaɗan ka shiga. Kamfanoni suna nan, 'yan jarida suna nan, masu sayen tikiti mai tsada suna nan. Eastbourne sai ka hau jirgi daga Victoria ka yi wajen awa ɗaya da rabi. Shekara da shekaru maza ne kaɗai ke cin moriyar wannan dandalin. Yanzu an buɗe wa mata, ai abin murna ne.

Maman Ilham (Kaduna):
Don Allah kafin ku yi nisa, a yi mana bayanin wannan 500 da 250. Ni ina kallon wasan ne kawai a talabijin da yarinyata, ban san lissafinsa ba.

Dakta Umar:
Maman Ilham, lambar tana nuna makin da wadda ta ci kofi za ta samu a jadawalin duniya. Wadda ta ci gasar 500 ta samu maki 500, wadda ta ci ta 250 ta samu rabin haka. Sama da su akwai na 1000, irin su Madrid da Rum da Miami, sai manyan huɗun nan masu maki 2000: na Ostireliya, Roland Garros na Faransa, Wimbledon, da na Amurka. Amma ba maki ne kaɗai ya bambanta su ba. Kuɗin da ake rabawa ya fi yawa a 500, kuma dokar hukumar WTA ta taƙaita yawan manyan 'yan wasa da za su iya shiga gasar 250. Ko da tauraruwa tana son Eastbourne, ko da ta saba zuwa duk shekara, in gurbin manya ya cika sai ta nemi wani wurin. Wannan shi ne ciwon da Hajiya take nufi.

Ƙarin bayani kaɗan kan tarihin: a 1977 ba a yi gasar ba saboda a filin ne aka buga gasar ƙasashe ta mata, Federation Cup, sai kuma 2020 da korona ta hana. Ban da waɗannan, duk shekara ana yi.

Maman Ilham (Kaduna):
Na gode Dakta. To ashe ba suna kawai aka canza ba.

Abba Landan:
Amma a faɗi gaskiya duka. Matsalar Eastbourne ita ce makon da take faɗowa. Ana wasan ƙarshe ranar Asabar, Wimbledon ta buɗe Litinin. Wace 'yar wasa ce mai burin cin Wimbledon za ta kashe jikinta har Asabar? Shi ya sa kullum sai ka ga manyan sunaye a takarda, in lokaci ya yi su janye. A 2024 Elena Rybakina ce ta ɗaya a jerin waɗanda suka shiga, ta janye ba ta buga ko ƙwallo ɗaya ba. Mutane sun sayi tikiti don ita. Gasar mata ta Queen's kuwa an ajiye ta a makon farko bayan Roland Garros, ba wadda take sauri zuwa wani wuri.

Hajiya Binta (Brighton):
Abba ɗana, wannan hujjar na ji ta sau da yawa, kuma ba ta tsayawa. A makon da ake Eastbourne akwai gasar Bad Homburg a Jamus, ita ma a ciyawa, ita kuma 500 ce. Wa ya buga wasan ƙarshe a can a 2025? Iga Swiatek da Jessica Pegula. Swiatek ta sha kashi ranar Asabar, ta tattara kayanta ta taho Landan, mako biyu bayan nan ta ci Wimbledon, ta doke Amanda Anisimova 6-0, 6-0. Ina gajiyar? Manya suna buga wasa a wannan makon, illa dai yanzu a Jamus suke bugawa. Ingila da kanta ta sallama wa Jamus makon da ya fi kusa da gasarta. Daga Eastbourne zuwa Wimbledon tafiyar mota ce ta awa biyu, yanayi ɗaya, iska ɗaya, ƙasa ɗaya. Yanzu sai su hau jirgin sama.

Malam Sani Koci (Kano):
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni da na yi rayuwata a filin daɓe, ina koya wa yara riƙon raket, bari in faɗi abin da nake gani ta fuskar wasan kansa, tunda kun riga kun yi ta kuɗi.

Ciyawa ba kamar sauran filaye ba ce. A jar ƙasa irin ta Faransa ƙwallo tana tashi sama, tana jiranka, kana da lokacin da za ka ja hannu ka shirya. A ciyawa sulɓewa take yi, ta zo ƙasa-ƙasa da sauri, dole gwiwa ta lanƙwashe, dole taku ya zama gajere-gajere, in ka ce za ka ja ƙafa kamar yadda ake yi a jar ƙasa sai ka ji ka a ƙasa. Kuma tsakanin ƙarshen Roland Garros da farkon Wimbledon mako uku ne kacal. Mace ta shafe wata biyu a jar ƙasa, a ce ta canza komai a kwana ashirin. Saboda haka duk wasan da ta samu a ciyawa yana da daraja.

Eastbourne tana da wani abu na daban, iskar teku. Filin bai da nisa da bakin ruwa, ana jin kukan tsuntsayen teku har a talabijin. Ku lura da 'yan wasa in za su yi sabis a can: ta jefa ƙwallo sama, iska ta ture ta, ta kama ta sake jefawa. Mai jefa ƙwallo sama sosai tana shan wahala. Mai dogaro da ƙarfi kawai, wadda take nufin layi daidai, iska za ta fitar mata da ƙwallo waje. Wadda ke cin nasara a can ita ce mai haƙuri, mai iya yanka ƙwallo ta ƙasa, mai barin tazara tsakaninta da layi, mai tahowa gaban raga ta gama magana da wuri. Ba mamaki Navratilova ta mallaki wurin, salon wasanta ke nan: sabis da hannun hagu, ta ruga raga. Ku nemi labarin wasan ƙarshe na 1979, ita da Evert, turmi na uku sai da ya kai 13-11 kafin Evert ta ci. A ƙaramin garin nan aka yi shi.

Ni a wurina filin da ke koya wa 'yar wasa irin wannan darasi bai kamata a hana manya zuwa cikinsa ba.

Abba Landan:
Ranka ya daɗe Malam, bayaninka ya gamsar ta fuskar wasa. Amma ina da tambaya. In har Eastbourne tana shirya mutum haka, me ya sa rabon da wadda ta ci ta ta je ta ci Wimbledon a shekara ɗaya tun 1998? Jana Novotna ce ta ƙarshe. Wasu ma cewa suke iskar tana ɓata wa mutum saiti, don a Wimbledon ba a samun irinta.

Malam Sani Koci (Kano):
Gaskiya ne Novotna ce ta ƙarshe. Amma ba cin kofin ne kaɗai shiri ba, Abba. Angelique Kerber a 2018 a wasan kusa da na ƙarshe ta tsaya a Eastbourne, ta je ta doke Serena Williams a wasan ƙarshe na Wimbledon. Henin ta ci Eastbourne a 2006 ta kai wasan ƙarshe a Wimbledon. Mutum 128 ke shiga Wimbledon, ɗaya ce za ta ci. In ka auna kowace gasar share fage da wannan mudun, ba wadda za ta tsira, har da Queen's ɗin.

Zulai (Damagaram):
Sannunku iyaye da yayye. Ni dai abin da ya sa na san sunan garin nan Ons Jabeur ce. A 2022 Serena Williams ta yi kusan shekara ba ta buga wasa ba, da za ta dawo ba ta zaɓi ko'ina ba sai Eastbourne, kuma ta zaɓi 'yar Tunisiya ta zama abokiyarta a wasan 'yan bibbiyu. Suka ci wasa biyu, sai ciwon gwiwa ya sa Ons ta janye. Makonni kaɗan bayan nan Ons ta kai wasan ƙarshe a Wimbledon. Ranar da na ga Balarabiya 'yar Afirka, Musulma, tsaye kafaɗa da kafaɗa da Serena, wallahi sai da na ji wani abu a raina.

Amma Hajiya ki yi haƙuri, zan ɗan saɓa miki. Ƙaramar gasa tana da nata amfanin. Ons ɗin nan kofinta na farko a Birmingham ta ci shi a 2021, kuma gasar 250 ce. Ita ce mace Balarabiya ta farko da ta ci kofin WTA. Da a ce ko'ina manya sun cika, ina irinta za su sa ƙafa? Ku dubi wasan ƙarshe na Eastbourne a 2025. Alexandra Eala ta Filifin, daga wasannin share fage na neman gurbin shiga gasar ta faro, ta zama mace ta farko daga ƙasarta da ta kai wasan ƙarshe na WTA. Ta haɗu da Maya Joint ta Ostireliya, yarinya 'yar shekara 19. Joint ta ci turmin farko 6-4, Eala ta rama 6-1, na uku aka je raba gardama har 12-10. Sau huɗu Eala tana buƙatar maki ɗaya tak ta ɗaga kofi, sau huɗu yana kuɓuce mata. Da aka gama ta fashe da kuka. Wane ne ya kalli wannan wasan zai ce ƙaramar gasa ce?

Maman Ilham (Kaduna):
Zulai kin tuna min. Mun kalle shi da Ilham, ita tana bayan Eala, har ta ƙi cin abinci da aka gama. Tun daga ranar take damuna in kai ta inda ake koyo.

Malam Sani Koci (Kano):
Maman Ilham, ki kai ta. Kada ki jira ta girma. Raket ƙarami na yara da ƙwallo mai laushi sun isa a fara, ko a jikin bango ne. In tana da shekara bakwai zuwa goma, lokacin ke nan. Ki yi min magana ta gefe in faɗa miki abin da za ki duba a wurin mai koyarwa.

Hajiya Binta (Brighton):
Zulai 'yata, ba abin da kika faɗa da ba gaskiya ba, kuma wasan ya yi kyau, ba mai musu. Amma ki duba, ƙananan 'yan wasa suna fitowa a Eastbourne tun tana babba. Madison Keys tana da shekara 19 ta ci kofinta na farko a nan a 2014, ta doke Kerber. Belinda Bencic tana da 18 ta ci nata na farko a 2015. Bambancin shi ne su manya suka kayar kafin su ɗaga kofin, kuma maki da kuɗin da suka tafi da su na babbar gasa ne. Emma Raducanu ma a nan ta fara doke wadda ke cikin goman farko na duniya, Pegula, a 2024. A gasar 250 sau nawa yarinya za ta samu ta goman farko a gabanta?

Sannan ga maganar da ba a so a taɓa. A mako ɗaya, a fili ɗaya, maza ma suna buga tasu gasar a Eastbourne, ita ma 250. Taylor Fritz ya ci ta sau huɗu. A 2025 kuɗin da aka ware wa matan bai kai rabin na mazan ba. Ɗan kallo tikiti ɗaya ya saya, ya ga wasan mata ya ga na maza a kujera ɗaya. A filin da mata suka yi wa suna, tun kafin a kawo maza a 2009, yau su ne ƙananan baƙi. Wannan fa?

Dakta Umar:
Maganar kuɗin gaskiya ce, kuma a Queen's ma akwai tazara tsakanin na mata da na maza, duk da cewa duka biyun 500 ne. LTA ta yi alkawarin daidaita su a Queen's da Eastbourne nan da 2029. Don a san inda aka fito: gasar Amurka ta daidaita kuɗin maza da mata tun 1973, shekarar da Billie Jean King ta tara 'yan wasa a wani otal a Landan aka kafa WTA. Wimbledon sai a 2007 ta bi sahu. Ƙananan gasanni su ne har yanzu suke baya, saboda kuɗin talabijin da na talla da ɓangaren maza ke samu ya fi na mata, kuma kowane ɓangare da nasa tsarin.

Abba Landan:
To Dakta ka kawo ni inda nake so. Daga ina kuɗin daidaitawar zai fito? Daga tikiti da talla. Ina aka fi samun su? Landan. Makon mata na farko a Queen's mutane sun cika wurin, na je da kaina na gani, kuma da yawa mata ne da 'ya'yansu. An ta tsoron ciyawar za ta lalace kafin maza su zo mako na biyu, aka buga aka gama lafiya. Kuma wa ta ci? Tatjana Maria ta Jamus, mai shekara 37, uwar 'ya'ya biyu, daga share fage. Ta kayar da Rybakina, ta kayar da Keys, ta kayar da Anisimova, da wannan yankan ƙwallon da Malam yake yabo. 'Ya'yanta suna zaune a gefen fili. Labarin ya zagaya duniya saboda a Landan aka yi shi. Ni ina ganin kuɗin da Queen's zai kawo shi ne zai ɗaga na matan Eastbourne.

Hajiya Binta (Brighton):
Ban ƙi Queen's ba, Abba, ka fahimce ni. Na yi murna da Tatjana Maria kamar kowa. Abin da na ƙi shi ne a ce sai an rage wa wani kafin a ba wani. Jamus tana da 500 guda biyu a ciyawa, Berlin da Bad Homburg. Ingila mai Wimbledon tana da ɗaya. Kuma ba Eastbourne kaɗai abin ya taɓa ba, Birmingham da Zulai ta ambata an sauke ta ƙasa da 250 a wannan canjin. Komai ana tattarawa ana kai Landan. Yarinyar da ke Hastings ko Lewes ko nan Brighton, wadda iyayenta ba su da kuɗin tikitin Wimbledon, a Eastbourne take ganin taurari ido da ido. Filayen atisaye a buɗe suke, kana tsaye taku kaɗan daga 'yar wasa, kana jin numfashinta, ta gama ta sa wa yara hannu a ƙwallo. Da yamma ka gan su suna tafiya a bakin teku kamar kowa. Johanna Konta a garin ta zauna da iyayenta, ta kai ta huɗu a duniya. Sonay Kartal a nan Brighton ta tashi. Yankin yana fitar da 'yan wasa.

Ga masu otal da masu gidajen abinci na garin, wannan makon na Yuni suke jira duk shekara. Mutum ba zai kama ɗaki na kwana uku don sunayen da bai sani ba.

Zulai (Damagaram):
Kartal ɗin da kika ambata Hajiya, kofinta na farko a Monastir ta ci shi a 2024, shi ma garin bakin teku ne a Tunisiya, shi ma 250. Ni shi ya sa nake jin tsoron a raina ƙananan gasanni. Mu a Afirka irinsu ne kawai ke zuwa mana, kamar Rabat, da Monastir a da. Maya Joint ma a Rabat ta fara cin kofi, wata guda kafin Eastbourne.

Hajiya Binta (Brighton):
Ba raini ba ne 'yata. Garin da bai taɓa samun gasa ba, in aka kai masa 250 an ɗaga shi. Garin da ya yi shekara hamsin da babba, in aka mayar da shi 250 an sauke shi.

Abba Landan:
Amma Hajiya lasisin 500 ba a kasuwa ake tsintarsa ba, adadinsu ƙayyadadde ne a kalandar WTA. LTA ɗaya take da shi, dole ta zaɓi inda za ta ajiye. Ko ni ne a kujerar, Landan zan kai.

Malam Sani Koci (Kano):
In lasisin ba ya samuwa, akwai abin da ya fi sauƙi. A sassauta wa Eastbourne dokar taƙaita manya. Mako ne na musamman, kowa yana neman wasa a ciyawa, Bad Homburg ba za ta ɗauke su duka ba. Wadda aka fitar da wuri a Berlin ko Queen's tana buƙatar wasa biyu ko uku kafin Wimbledon. Me ya sa za a ce mata ba gurbi alhali ga fili a shirye?

Dakta Umar:
Masu gasar 500 ba za su so haka ba Malam, don dokar an yi ta ne a kare su. Sun biya kuɗi mai yawa, suna so manya su zo wurinsu. Bad Homburg ce za ta fara ƙorafi.

Hajiya Binta (Brighton):
To in ba za a ba ta manya ba, a ba ta kuɗin. Kada a jira 2029. Tazarar da ke tsakanin matan Eastbourne da mazanta ba ta kai abin da zai gagari hukumar da ke karɓar rarar kuɗin Wimbledon duk shekara ba. A fara daidaitawa daga Devonshire Park, Queen's ta biyo baya. Abba, in suka yi haka zan zo Landan in zauna kusa da kai mu kalli wasan mata a Queen's, ni zan sayi tikitin.

Abba Landan:
Na riƙe ki da wannan Hajiya. Kan kuɗin ina tare da ke ɗari bisa ɗari. Kan inda 500 za ta zauna kuwa, ina nan a kan bakana.